Sharhi: Hawan jinin huhu da tambayar wane magani ya dace da wane majinyaci

A watan Maris na shekarar 2024, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani sabon magani mai suna sotatercept domin masu fama da wani nau'i na hawan jinin huhu. Kamfanin Merck ne ke sayar da shi da sunan Winrevair, kuma allura ce da ake yi a ƙarƙashin fata sau ɗaya a duk mako uku. Bayan wata biyar, Tarayyar Turai ita ma ta ba shi izinin shiga kasuwanninta.

Likitocin zuciya da na huhu sun yi maraba da labarin. A gwajin da ya kai ga amincewa da maganin, majinyatan da suka karɓe shi sun ƙara kimanin mita 41 a kan tazarar da suke iya takawa cikin minti shida, idan aka kwatanta da waɗanda ba su karɓa ba. Wani gwajin na biyu, wanda aka yi a kan masu tsananin ciwo, an tsayar da shi kafin lokacinsa saboda amfanin maganin ya bayyana ƙarara: haɗarin mutuwa ko dashen huhu ko kwanciya a asibiti ya ragu da kashi 76 cikin 100.

Sai dai kuɗin maganin a Amurka ya haura dala 200,000 a shekara. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wannan ya kai naira miliyan 300, wato abin da mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata zai tara cikin shekara fiye da 350.

Wanda ya tsaya a kan wannan lissafi zai ɗauka cewa babu abin da ya rage wa majinyacin Najeriya sai haƙuri. Abin da binciken da aka yi a Afirka ya nuna ya bambanta da haka. Mafi yawan masu hawan jinin huhu a wannan nahiya ba su cikin rukunin da aka ƙera sotatercept dominsa. Cutarsu ta samo asali ne daga wasu cututtuka da aka sani, waɗanda maganinsu ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma wasu daga cikin magungunan da ke ceton rukunin farko suna iya cutar da su. Saboda haka babbar tambaya a Najeriya ita ce ko asibitoci za su iya tantance wane irin hawan jinin huhu ke damun mutumin da ke gabansu, kafin a rubuta masa magani.

Yadda cutar take

Zuciya tana da ɓangare biyu. Ɓangaren hagu yana tura jini zuwa ko'ina a jiki, shi ya sa tsokarsa take da kauri. Ɓangaren dama kuwa yana tura jini ne zuwa huhu kaɗai, inda zai ɗauki iskar oksijin ya dawo. Tafiyar gajera ce, jijiyoyin huhu kuma masu taushi ne da faɗi, don haka matsin jinin da ke cikinsu ɗan kaɗan ne, kimanin 14 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi.

Idan waɗannan jijiyoyi suka tsuke, ko suka yi kauri, ko suka toshe, ko kuma jini ya taru a cikinsu saboda ya rasa hanyar wucewa, sai matsin ya hau. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai suka fitar a 2022 sun ce da zarar matsakaicin matsin ya wuce 20 alhali mutum yana hutawa, to hawan jinin huhu ne. A da sai ya kai 25 ake kiransa haka.

Ɓangaren dama na zuciya ba a halicce shi don irin wannan nauyi ba. Da farko yakan yi ƙoƙari, tsokarsa ta ƙara kauri; daga baya sai ya buɗe, ya gaji, ya kasa. Gazawar wannan ɓangare ce ke kashe yawancin majinyata.

Alamomin cutar ba su da wani tambari na musamman. Haki bayan ɗan aiki, kasala, jiri, ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, suma yayin hawa bene ko ɗaukar kaya, sannan kumburin ƙafafu da ciki idan abin ya yi nisa. Duk waɗannan ana iya danganta su da asma, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ko gajiyar yau da kullum. Wani abin da ke ƙara ɓoye cutar shi ne na'urar awon jini da ake ɗaurawa a damtse ba ta nuna ta. Mutum na iya samun sakamako mai kyau a damtse alhali jijiyoyin huhunsa suna cikin matsi mai tsanani.

Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 1 cikin 100 na al'ummar duniya na da hawan jinin huhu, adadin da ke kaiwa kashi 10 a tsakanin waɗanda suka haura shekara 65, kuma kusan kashi 80 na majinyatan suna ƙasashe masu tasowa. Ana tunawa da cutar a duniya a ranar 5 ga watan Mayun kowace shekara.

Suna ɗaya, rukuni biyar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taron farko kan wannan cuta a Janiba a 1973, bayan da wani maganin rage ƙiba mai suna aminorex ya haddasa yawaitarta a Suwizalan da Jamus da Ostiriya. A taro na biyu, wanda aka yi a garin Evian na Faransa a 1998, aka raba cutar gida biyar, rabon da har yau ake aiki da shi tare da 'yan gyare-gyare.

Rukuni na farko shi ne wanda cutar ke cikin ƙananan jijiyoyin huhu su kansu. Wani lokaci ba a san dalili ba, wani lokaci gado ne, wani lokaci kuma tana biyo bayan cutar HIV, ko hujin zuciya da aka haifi yaro da shi, ko ciwon hanta, ko tsargiya. Rukuni na biyu yana tasowa ne daga ciwon ɓangaren hagu na zuciya. Na uku daga cututtukan huhu da ƙarancin oksijin. Na huɗu daga gudajin jini da suka toshe jijiyoyin huhu suka ƙi narkewa. Na biyar ya tattara cututtukan da hanyoyinsu suka cakuɗe, kuma a nan aka sanya sikila.

Amfanin wannan rabo a aikace yake. Kusan dukkan magungunan da ake kira na hawan jinin huhu an gwada su ne, aka kuma amince da su, a kan rukuni na farko, wanda shi ne ɗaya daga cikin mafi ƙarancin majinyata.

Shekara 30 na ci gaba a rukuni na farko

A shekarun 1980, wata rajista da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka tattara ta nuna cewa rabin waɗanda aka gano suna da irin wannan cuta da ba a san dalilinta ba sukan rasu cikin shekara biyu da wata goma. A lokacin babu wani magani takamaimai.

Canji ya fara a 1995 da aka amince da epoprostenol, wanda ke buɗe jijiyoyin huhu ta hanyar kwaikwayon wani sinadari da jiki ke samarwa. Maganin yana da ƙarfi, amma cikin 'yan mintoci yake lalacewa a jini, don haka dole a riƙa ɗura shi dare da rana ta wani siririn bututu da aka dasa a babbar jijiya, da ɗan famfo da majinyaci ke ratayawa. Tsayawar famfon na ɗan lokaci na iya jawo mutuwa.

Bayansa sai ƙwayoyi suka biyo. Bosentan ya zo a 2001, ambrisentan a 2007, macitentan a 2013. Waɗannan suna toshe wani sinadari da ke tsuke jijiyoyi. Sildenafil ya samu izini a 2005, tadalafil a 2009, riociguat a 2013. Su kuma suna ƙarfafa aikin sinadarin da ke sassauta jijiyoyi. Selexipag, wanda ke bin hanyar epoprostenol amma a haɗiye shi ake yi, ya zo a 2015.

A wannan shekara ta 2015 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da ya nuna cewa fara ba majinyaci ambrisentan da tadalafil tare ya rage haɗarin taɓarɓarewar ciwon da rabi, idan aka kwatanta da ba shi ɗaya daga cikinsu. Tun daga nan haɗa magani biyu tun farko ya zama ƙa'ida ga mafi yawan majinyata, a ƙara na uku ta jijiya ga waɗanda ciwonsu ya tsananta. Sotatercept ya bambanta da duk waɗannan domin yana rage yawan tsirowar ƙwayoyin halittar da ke kaurara bangon jijiyoyin. Taron duniya na bakwai kan cutar, wanda aka yi a Basalona a 2024, ya sanya shi cikin magungunan da ake ƙarawa idan na farko ba su wadatar ba. Idan duk magunguna suka gaza, abin da ya rage shi ne dashen huhu.

Akwai kuma 'yan tsiraru, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na masu irin cutar da ba a san dalilinta ba, waɗanda sanannun magungunan hawan jini irin su nifedipine ko amlodipine ke yi musu aiki na tsawon shekaru. Ba a gane su sai da gwaji na musamman a cikin zuciya, kuma ba wa wanda ba ya cikinsu irin wannan magani mai yawa na iya jefa shi cikin haɗari.

Abin da alƙaluman Afirka suka nuna

A 2016 aka wallafa sakamakon wata rajista ta haɗin gwiwa mai suna PAPUCO, wadda ta bi majinyata 220 a cibiyoyi tara na ƙasashen Kamaru, Mozambik, Najeriya da Afirka ta Kudu, tare da sa hannun likitoci daga Kano da Legas. A tsakanin manya, kashi 69 cikin 100 cutarsu ta fito ne daga ciwon ɓangaren hagu na zuciya. Kashi 16 ne kawai ke rukuni na farko, kashi 11 kuma daga cututtukan huhu. Cikin wata shida, kashi 21 na manyan da aka iya bibiya sun rasu.

Ma'anar wannan ita ce, cikin kowane majinyaci goma, kusan bakwai maganinsu yana wajen gyara zuciyar hagu. Idan wannan ɓangare ya yi rauni ko ƙofofinsa suka lalace, jini yakan koma baya ya taru a huhu, kamar ruwan da ya tarar da magudana a toshe. Buɗe jijiyoyin huhu a wannan hali ƙara turo ruwa ne zuwa inda hanya ta riga ta cushe.

Gwaje-gwaje sun tabbatar da haka. A shekarun 1990 an dakatar da wani gwaji na epoprostenol a kan masu gazawar zuciyar hagu saboda mace-mace sun fi yawa a tsakanin waɗanda suka karɓi maganin. A 2018 wani gwaji a Sifen, a kan majinyata 200 da aka riga aka gyara musu ƙofofin zuciya amma matsin huhunsu bai sauka ba, ya nuna cewa waɗanda aka ba sildenafil sun fi sauran taɓarɓarewa.

Abubuwan da ke lalata zuciyar hagu a Najeriya sanannu ne. Na gaba shi ne hawan jini na gama-gari da ba a kula da shi ba, wanda ƙwayoyinsa ke samuwa a kusan kowane kantin magani. Sai ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, wanda allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu ke hana shi ci gaba, kuma Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Sai kuma raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka bayyana yawansa tun shekarun 1970, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Maganin waɗannan ya haɗa da ƙwayoyin rage ruwan jiki, magungunan ƙarfafa zuciya, rage gishiri, da tiyatar ƙofar zuciya ga wanda ya buƙata.

Sikila: darasi mai tsada

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara. A jikin mai sikila, jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa da wuri, abin da ke fita daga cikinsu kuma yana cinye sinadarin da ke sassauta jijiyoyi. Ga ƙarancin jini da ke wahalar da zuciya, ga ƙananan gudaji da ke toshe huhu.

Wani bincike da aka yi a Zariya, aka wallafa a 2008, ya duba masu sikila 208, ya tarar kashi 25 cikin 100 suna da alamar hauhawar matsin huhu a hoton zuciya. Kashi 7 ne kacal daga cikinsu suka haura shekara 35, alhali a rukunin da aka kwatanta su da shi a Amurka adadin ya kai kashi 46. Bincike a Faransa a 2011 ya ƙara haske: da aka tabbatar da awon a cikin zuciya, kashi 6 ne na manya masu sikila ke da cutar a haƙiƙa. Wato hoton zuciya yana nuna wanda ya kamata a ƙara bincika, amma shi kaɗai bai isa a ɗora mutum a kan magani ba.

An yi zaton sildenafil zai taimaki waɗannan majinyata. A 2009 hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar da gwajin da ake yi a kai, domin waɗanda ke shan maganin sun fi sauran kwanciya a asibiti saboda tashin ciwon ƙashi. Abin da ƙwararru suka fi ba da shawara a yanzu shi ne a yaƙi sikilar kanta da hydroxyurea, ko da ƙarin jini a kai a kai ga wanda hydroxyurea bai karɓe shi ba. Wannan magani tsoho ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kan kare yara daga shanyewar jiki ya nuna cewa ana iya ba da shi lafiya a asibitocin Najeriya. Duk da haka, yawancin masu sikila a ƙasar ba sa samunsa a kai a kai.

Tarin fuka, hayaƙi, HIV da tsargiya

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Mutum na iya kammala maganin wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, amma tabon da ta bari a huhu ya ci gaba da matse jijiyoyi. Haka nan hayaƙin itace da gawayi da mata ke shaƙa a madafa shekara da shekaru, da taba, da ƙurar ma'adinai. Ga wannan rukuni, magani shi ne kula da huhun, nisantar hayaƙi, allurar rigakafin cututtukan numfashi, da oksijin na sa'o'i masu yawa a kullum ga wanda jininsa ya yi ƙarancinsa. Na'urar tace oksijin ta gida kuwa sai da wutar lantarki mai ɗorewa. A 2021 Amurka ta amince da treprostinil na shaƙa domin masu tabon huhu na wani nau'i, amma sauran magungunan rukuni na farko ba su nuna amfani a nan ba, wasu ma an tsayar da gwajinsu saboda illa.

Kimanin mutum ɗaya cikin 200 na masu HIV yakan kamu da hawan jinin huhu na rukuni na farko. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da HIV a Najeriya. Idan aka ɗora wancan lissafi a kai, ana maganar mutum wajen 9,500. Su suna buƙatar maganin HIV da na huhu tare.

Tsargiya ma tana da hannu, musamman nau'in da ke kama hanji da hanta. Idan hanta ta taurare, ƙwayayen tsutsar sukan bi wasu jijiyoyi su isa huhu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu tsargiya, kuma cutar ta fi kamari a yankunan madatsun ruwa da noman rani. Ƙwayar praziquantel da ake raba wa 'yan makaranta tana kashe tsutsar, amma ba ta gyara jijiyar da ta riga ta lalace, don haka amfaninta yana wajen shanta da wuri. Haka batun yake ga yaran da aka haifa da huji a zuciya: idan aka toshe shi a ƙuruciya an tsira, idan aka makara har jijiyoyin huhu suka taurare, tiyatar ba ta yiwuwa kuma.

Rukuni na huɗu shi ne wanda ake iya warkewa daga gare shi sarai. Likitocin tiyata a San Diego ta Amurka da asibitin Papworth na Ingila sun ƙware wajen buɗe jijiyoyin huhu su ciro tsofaffin gudajin. Ga wanda tiyata ba ta dace da shi ba, akwai buɗe jijiyar da ɗan balan-balan, dabarar da likitocin Japan suka inganta, da ƙwayar riociguat, tare da maganin tsinka jini har tsawon rai. Kashi 2 ne kawai na majinyatan PAPUCO aka sanya a wannan rukuni, kuma mai yiwuwa ƙarancin na'urar da ke gano shi na cikin dalilan ƙanƙantar adadin.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da ya gabata ya rataya ne a kan gano cuta. Mataki na farko shi ne hoton zuciya na eko, wanda ba ya ciwo kuma ba ya ɗaukar lokaci, amma yana buƙatar na'ura da wanda ya iya karanta ta. Sai hoton ƙirji, awon numfashi, gwajin HIV da na sikila da na hanta. Tabbaci na ƙarshe sai an zura siririn bututu ta jijiya zuwa ɓangaren dama na zuciya an auna matsin kai tsaye. Dabarar ba sabuwa ba ce. Likitan Jamus Werner Forssmann ya gwada ta a jikinsa a 1929, kuma ta samu lambar Nobel a 1956. A Najeriya cibiyoyin da ke yin ta ƙalilan ne, galibi a manyan birane.

Ga kuma ƙarancin ma'aikata. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 55,000 ne suka rage a ƙasar, bayan da wajen 16,000 suka fice cikin 'yan shekaru. Ƙwararrun zuciya da na huhu kaso ne ƙarami a cikin wannan adadi, kuma mafi yawansu suna asibitocin koyarwa.

Inda tantancewa ta yi wuya, zato ke maye gurbinta. Sildenafil yana da araha, yana ko'ina, domin da shi ake maganin raunin mazakuta tun 1998. Wannan alheri ne ga mai rukuni na farko, wanda ƙa'idarsa miligiram 20 ce sau uku a rana. Amma sauƙin samunsa na iya sa a ba mai sikila ko mai ciwon ƙofar zuciya da ganin hoton eko kawai. Haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret, ko da riociguat, yana iya faɗar da jini ƙasa warwas. Bosentan yana buƙatar gwajin hanta kowane wata, kuma shi da danginsa da riociguat suna nakasa ɗan tayi.

Batun mata na da nauyi na daban. Goyon ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, nauyin da zuciyar dama mai rauni ba ta iya ɗauka, musamman a kwanakin farko bayan haihuwa. Shi ya sa ƙa'idojin likitoci ke shawartar mai rukuni na farko da ta guji ɗaukar ciki. A al'ummar da haihuwa ke da babban matsayi a zaman aure, wannan shawara ba ta tsayawa a kan matar ita kaɗai. Sai an zauna da miji da iyaye an yi musu bayani. Haka maniyyaci mai wannan cuta yana buƙatar ganin likitansa kafin tafiya, domin oksijin yana raguwa a cikin jirgin sama.

Kuɗi da manufofin gwamnati

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi da aka ce zai kula da mutum miliyan 83, amma har yanzu mafi yawan 'yan ƙasa ba su shiga tsarin ba. Faɗuwar darajar naira tun watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin magungunan da ake shigowa da su, kuma a watan Agustan shekarar kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a ƙasar. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna da na'urorin sarrafa su, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida.

Wannan umarni zai iya amfanar masu hawan jinin huhu idan aka karkata shi inda ya dace. Sildenafil, tadalafil, bosentan da ambrisentan duk wa'adin mallakarsu ya ƙare, kamfanoni da dama a Indiya da wasu ƙasashe suna yin su a farashi mai rahusa. Haɗin magani biyu da gwajin 2015 ya tabbatar, saboda haka, abu ne da tsarin inshora zai iya ɗauka, muddin aka saya a dunƙule, hukumar NAFDAC kuma ta tabbatar da ingancinsa.

Jerin abin da ya kamata a fara da shi a bayyane yake. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su san cewa hakin da ya ƙi jin maganin asma, ko ya ci gaba bayan an gama maganin tarin fuka, yana buƙatar hoton zuciya. Manyan asibitocin jihohi su samu na'urar eko da ma'aikatan da aka horar. Kowace shiyya daga cikin shiyyoyi shida ta samu aƙalla cibiyar tarayya guda da ke auna matsin a cikin zuciya, wadda ita ce za ta yanke hukuncin ɗora majinyaci a kan magungunan rukuni na farko. Asibitocin sikila da na HIV su riƙa tambayar majinyatansu game da numfashi a kowace ziyara. A kuma buɗe rajista ta ƙasa, domin alƙaluman da ake dogaro da su a yau sun fito ne daga 'yan ɗaruruwan majinyata.

Sotatercept zai iya saukowa a farashi nan gaba, kamar yadda magungunan HIV suka sauko bayan shekarun 2000. Kafin wannan rana, rayukan da Najeriya za ta iya cetowa sun fi yawa a wajen ƙwayar hawan jini da ake sha kullum, allurar fenisilin, hydroxyurea, praziquantel da oksijin, sai kuma likitan da ke da kayan aikin da zai bambance majinyacin da sildenafil zai taimaka da wanda zai cutar.